Sunan Da Za A Binne Baba Da Shi

Talata, 5 ga Maris, ƙarfe huɗu na yamma

Baba ya rasu jiya da hantsi. Na rubuta sau ɗaya, ba sai na maimaita ba.

Abin da ya sa na ɗauko littafin nan daban ne. Da safe na je asibiti karɓar takardar likita, wadda za a kai ofishin rajista su ba mu izinin binnewa. Ma'aikaciyar ta miƙo mini, na duba, na mayar mata na ce ta wani ce. An rubuta Evariste Mathurin, ɗan shekara saba'in da bakwai. Na ce mata sunan mahaifina Gregoire, shekararsa tamanin da ɗaya. Duk ƙauyenmu, Anse Corail, Pa Boyo suke ce masa, amma sunansa na baftisma Gregoire ne, shi Mama take kira in ya shigo da ƙarnin kifi ya zaune mata gado. Matar ba ta yi gardama da ni ba, sai ta jawo aljihun tebur ta fito da katin shaidar da aka cire daga wandonsa. Hoton Baba ne, da manyan kunnuwansa da komai. A ƙarƙashin hoton, Evariste.

Na san Evariste. Ƙanen Baba ne, wanda ya tafi yankan rake Amurka ya mutu can tun ba a haife ni ba. To me sunan matacce yake yi a katin ubana?

Ni Verna, shekara goma sha ɗaya ke nan ina bin asalin danginmu. Na bi ɓangaren Mama har cikin rajistar bayi, na tono wata Zabette da ba wanda ya ambaci sunanta cikin shekara ɗari biyu. Mutane daga Landan suna rubuto mini in nemo musu kakanninsu a tsibirin nan. Ashe katin da ke aljihun ubana ban taɓa gani ba. Duk sanda na ce zan fara ɓangarensa sai ya yi dariya ya ce su masunta ne, kifi ba ya ajiye takarda.

Na saka katin da takardar likitan a jakata. Ba wanda zai kai su ko'ina.

Laraba, 6 ga Maris, bayan an taso daga coci

Na sami Gwaggo Ozilia, yayar Baba, zaune a baranda da tokar shiga azumi a goshinta, tana ɓare ɗanyar ayaba. Na ajiye mata katin a cinya. Ko hannu ba ta goge ba, ta ɗan kalle shi ta ture da gwiwar hannu.

"Takarda ce kawai, Verna. Sa hannu a binne mutum."

Na tambaye ta ko ta san da wannan. Ta ce in miƙo mata gishiri. Na sake tambaya, ta ce ayabar bana duk ruwa ce. Shekara nawa ita ke raka shi asibiti, ita ke raka shi karɓar fansho, ana kiran Evariste yana miƙewa tana zaune kusa da shi. Ni kuwa ina birni ina shaƙar ƙurar tsofaffin littattafai.

Juma'a, 8 ga Maris, ƙarfe ɗaya da rabi

Linus, ƙanena, ya sauka jiya daga Toronto da hutun mako biyu. Ko akwati bai kwance ba ya buga wa gidan rediyo waya. Ina tsaye ina goga sandar cakulan a tukunya na ji mai karanta sanarwar rasuwa yana cewa, da muryar nan tasa mai jan rai, Evariste Mathurin na Anse Corail, wanda aka fi sani da Pa Boyo, za a sanar da ranar jana'iza nan gaba. Saura kaɗan tukunyar ta kife mini a ƙafa.

Na fita tsakar gida na tarar da shi yana buga domino da masu zaman makoki. Na kira shi gefe. Ya ce ya ga sunan ne a takardun fanshon da ke cikin gwangwanin biskit, ya ɗauka kowa ya sani. Ya ce rabin tsofaffin ƙauyen nan sunan takarda daban, sunan gida daban, mene ne abin tada jijiyar wuya.

"Yaya, ko Jaki aka rubuta a katin, shi dai ne zai kwanta a akwatin."

"Ɗanka sunan wa ya ci?"

Gregoire ya sa wa yaron, Baba kuma har rawa ya taka ranar. Sai ya ce in ba shi takardar likitan ya kai da kansa. Na ce ya koma kan dominonsa.

Abin da ya fi ƙona mini rai, ko ɗaya cikin tsofaffin da ke zaune bai ɗaga kai ba da aka karanta sunan. Sun ci gaba da shan kofinsu.

Asabar, 9 ga Maris, da safe

Linus ya je ya gan shi a ɗakin sanyi na masu shirya jana'iza. Ya ce in zo mu je. Na ce ina da aiki.

Litinin, 11 ga Maris, ƙarfe biyar

Motar farko na bi zuwa birni. Awa uku a kan benci kafin a kira ni. Na bayyana wa magatakardar komai tiryan-tiryan, na ce ina son a rubuta rasuwar mahaifina da sunansa na gaskiya. Ta daddanna na'ura, ta juyo da ita ta nuna mini da biro. A littafinsu Gregoire Mathurin na Anse Corail ya mutu tun Janairun 1960, kuma mutum ba ya mutuwa sau biyu a ofishin nan. Evariste kuwa yana raye, in na sa hannu yau za ta kashe shi kafin a tashi daga aiki. Haka ta faɗa, har da murmushi, wai ita mai barkwanci.

In na ƙi, sai an je gaban alƙali. Sai na kawo takardun baftismarsu su biyun, da hujjar cewa wanda ya mutu a 1960 ba Gregoire ba ne, da rantsuwar wanda ya san su tun kafin lokacin. Na ce takardun ai suna wurinsu. Ta ce na birni gobarar 1948 ta cinye, sai dai in gwada littafin cocin ƙauye. Kamar ni za a gaya wa labarin gobara. Na tambayi tsawon lokacin da alƙali ke ɗauka, ta ɗaga kafaɗa ta ce wani wata uku, wani shekara, amma da hujja mai ƙarfi akan roƙi a hanzarta saboda gawa.

Gawa. Ta faɗi kalmar tana duba agogo.

An haife ni a 1965. A lissafin gwamnati ubana ya shekara biyar a ƙasa kafin nan. A takardar haihuwata gurbin uba babu komai, don ba su yi auren coci da Mama ba, ban kuma taɓa damuwa ba sai yau.

Laraba, 13 ga Maris, tsakar rana

Ban je ɗakin sanyi ba yau ma.

Alhamis, 14 ga Maris, ƙarfe uku

Sakatariyar coci Talata da Alhamis kawai take buɗe kabad ɗin littattafai, kuma tsayawa take a kanka kamar za ka ci shafin. Gara ta riga ta ci rabonta. Amma na same su, su biyun.

Gregoire, ɗan Elmina Mathurin, an haife shi Fabrairun 1938. A gefen shafin, inda Fada yake ƙara abin da ya sami mutum daga baya, an rubuta da wani tawada daban cewa ya rasu a Florida, bisa wasiƙar ofishin ƙwadago, an yi masa addu'ar mamaci a cocin nan ranar 6 ga Fabrairu, 1960.

Evariste, ɗan Elmina Mathurin, Agustan 1941. Gefensa fari tas.

Na zauna ina kallon rubutun har sakatariyar ta yi gyaran murya. Addu'ar mamaci ga mutumin da ya koya mini iyo, ya kai ni makaranta a kafaɗa, ya ci abincin Kirsimeti da ni wata uku da suka wuce. A cocin da yake zuwa duk Lahadi. Ƙauye guda ya haɗa baki ya yi wa littafin Allah ƙarya, yanzu kuma ni ce mai taurin kai.

Asabar, 16 ga Maris, da yamma kafin rana ta faɗi

Masu zaman makoki sun fara raguwa. Matan da ke kawo waina da kifin gishiri sun daina haɗa ido da ni. Na ji wata a bayan kicin tana cewa ilimi ne ya yi mini yawa, tsoho na kwance cikin ƙanƙara 'yarsa na yawon karanta takardu. Su faɗa. Wata rana jikan wani zai zo daga ƙetare neman Gregoire Mathurin, ya tarar da shi a Florida yana ɗan shekara ashirin da ɗaya, ba mata ba 'ya'ya. Ni da Linus da ɗansa mu tashi ba na kowa ba. Na san yadda ake ɓacewa a takarda, aikina ke nan.

Maganar Lahadin ƙarshe da na ga Baba ba zan rubuta ta ba.

Talata, 19 ga Maris, ƙarfe huɗu da kwata, a mota

Motar tana tsalle, amma sai na rubuta. Na yini a ma'ajiyar tsofaffin takardun gwamnati. Kwali na huɗu na 'yan kwangilar rake na 1959, ga shi. Gregoire Mathurin, shekara ashirin da ɗaya, tsawo ƙafa biyar da inci biyar. Baba kuwa sai ya sunkuya yake shiga ƙofar kicin. An manna ɗan hoto a kusurwa. Yaro ne, ko gashin baki bai tsiro masa ba, rigar da ya sa ta yi masa yawa a wuya, ya buɗe ido sosai don kada a ce ya ji tsoro. Kunnuwan namu ne, amma ba Baba ba ne.

An buga hatimi a karkace a kan katin, kalma ɗaya da kwanan wata. Ba a ce me ya kashe shi ba, ba a ce ina aka sa shi ba.

Mai kula da wurin, wani dattijo, ya ce ya ga irin wannan da yawa. Ba a ɗaukar wanda bai kai ashirin da ɗaya ba, sai ƙane ya ari takardar wa. Masu ɗibar mutanen kuwa tafin hannu suke dubawa, in akwai kanta shi ke nan, fuska ba ruwansu. Wato wani ya kalli yaron nan, ya kalli shekarun da ke takardar, ya buga hatimi ya ce na gaba.

Na samu hujjata. Saura rantsuwa, kuma mutum ɗaya ya rage a duniya da zai iya yin ta.

Laraba, 20 ga Maris, bayan abincin rana

Gwaggo ta ƙi. Na shimfiɗa mata kwafin katin a tebur, ta kalli hoton ta daɗe, sai ta kife shi ta ɗora kofi a kai. Ta ce ba alƙalin da zai ga fuskarta. Na ce gaskiya kawai za ta faɗa. Ta ce in ɗauke takarduna daga inda ake cin abinci.

Alhamis, 21 ga Maris, ƙarfe shida

Mun yi da Linus, maƙwabta duk sun ji. Hutunsa ya ƙare, da kyar suka ƙara masa zuwa Lahadi, in bai koma ba aikin ya tafi. Ya roƙe ni, har ya durƙusa, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce in na kai takardar gobe za a iya binnewa Asabar. Na ce sai da sunansa. Sai ya miƙe ya ce ba don Baba nake yi ba, don jadawalin dangina ne, kada a sami gurbin da bai yi daidai ba. Ya ce da na damu da abin da Baba yake son faɗa mini, da waccan Lahadin ban bar shi da baki buɗe na ruga tasha ba.

Gwaggo ce ta gaya masa, ba wani. Ashe tana iya magana in ta ga dama.

Motar ƙarfe huɗu ce ta ƙarshe ranar Lahadi. Kowa ya san haka.

Lahadi, 24 ga Maris, ƙarfe biyu

Jirgin Linus ya tashi. Ya biya ta ɗakin sanyi a hanyarsa. Bai yi mini sallama ba.

Litinin, 25 ga Maris, da hantsi

Gwaggo ta aiko a kira ni. Na same ta a ɗakinta da rigar coci, kamar mai jiran baƙi. Ta ce in zauna, kuma jakar nan tawa ta tsaya a waje.

Ta ce Baba ne aka rubuta zai tafi, amma likitan masu ɗibar ya mayar da shi saboda ido ɗaya. Gidan kuwa ba abin da ake jira sai tafiyar. Shi da kansa ya kama hannun Evariste ya kai shi birni a ɗiba ta gaba, ya sa masa rigarsa, ya ba shi takardarsa, ya yi ta koya masa a hanya cewa in an kira Gregoire ya amsa da ƙarfi. Wata uku wasiƙa ta zo. Fada na lokacin baƙo ne, bai gama sanin fuskoki ba, ya karanta wa kakata Elmina a tsakar gida cewa ɗanta Gregoire ya rasu, alhali Gregoire na tsaye a bayanta da koma a kafaɗa. Ba wanda ya tanka. In aka faɗi gaskiya 'yan sanda za su zo, kuma za a daina ɗibar mutane daga Anse Corail, gida kusan goma na da ɗa a layi.

"An yi addu'ar," in ji ta. "Ubanki ya zauna a benci na uku, kusa da ni. Fada yana ta kiran sunansa, yana roƙa masa hutawa, shi kuma yana amsa amin. Da muka fito ya yi amai a bayan coci."

Ta ce kakata ta rayu shekara ashirin bayan haka, ba ta taɓa jin an kira Evariste a gaban bagade ba, don a littafi yana raye, ba a yi wa rayayye addu'ar mamaci. Ba gawa, ba kabari, ba kyandir ranar tunawa da matattu. Da gwamnati ta fara ba da kati, takardar Evariste ce kaɗai ta rage a gidan, Baba ya ɗauka ya ce zai riƙe wa yaron sunansa har ranar da za a kai shi coci.

"Shi an yi masa tasa, Verna. Wannan ta yaron ce. Shekara hamsin da tara yake ɗauke da ita, kika zo kika sa a jaka."

Na ji kamar in fasa wani abu. Na tambaye ta me ya hana ta faɗa tun ranar toka, kafin Linus ya hau jirgi. Ta ce Baba ya sa ta rantse cewa shi zai gaya mini da bakinsa, ya kuma gwada. Ta ce ni kuma ban taɓa tambayarta abin da ya faru ba, takarda nake ajiye mata a cinya kamar 'yar sanda. Na ce wannan ba hujja ba ce. Ta ce ita ba ta san hujja ba, ta dai san ƙannenta biyu.

Har yanzu haushinta nake ji. Da nasa, da ya zaɓi minti goma kafin mota ya ce in zauna, bayan shekara hamsin da huɗu yana da ni. Da na mai hatimin nan. Da na ƙauyen nan kaf. Sauran haushin na san na wane ne.

Talata, 26 ga Maris, ƙarfe goma sha ɗaya

Na sa hannu. Minti bakwai aka yi. Magatakardar ta ce ai da ma ta gaya mini.

Laraba, 27 ga Maris, da yamma

Na je. Ya rame. Na gyara masa wuyan riga.

Juma'a, 29 ga Maris, ƙarfe biyar da rabi

An binne shi da ƙarfe uku. Coci ya cika har waje, tsofaffin da ban taɓa gani sun fito ba an kawo su a kujera. Wani ɗan'uwa ya riƙe waya sama don Linus ya gani daga Toronto, ni dai ban kalli wajen ba.

Da Fada ya kira Evariste karo na farko, Gwaggo ta saki wani kuka da ban taɓa ji a bakin tsohuwa ba. Tsofaffin da suka yi mako uku suna shan kofi ba su ɗaga kai ba, su ma suka kama. Wata tana faɗin yadda yake gudu a bakin teku, wani yana cewa tare suka tsaya a layi. Yaro ɗan shekara sha takwas suke yi wa kuka. Ni kaɗai ce a cocin nan na zo jana'izar tsoho.

A bakin kabari aka miƙo mini ƙasa. Na sunkuya zan zuba, na ce Gregoire, ƙasa-ƙasa, iya ni da shi. Gwaggo kunnenta ba ya jin kiran abinci, amma wannan ta ji. Ta damƙe mini wuyan hannu.

"Kada ki kira shi. Bari yaron ya shiga tukuna."

Na jira. Ƙasar na hannuna, mutane na bayana suna tari, masu shebur suna kallona. Ta rufe ido, leɓenta na motsi, ta daɗe. Sannan ta sake ni ta ce, "To, yanzu kira ubanki."

Na buɗe baki, abin da ya fito Baba ne.